Mai Raɗa

Shekara arba'in da ɗaya na yi a cikin rami,
ƙarƙashin dandamalin wani gidan wasa a Porto,
littafi a cinya, 'yar fitila kamar idon mage,
ni ce bakin da ba a gani.
In Baltasar Queiroga ya yi tuntuɓe da kalma
ni ke miƙa masa ita ta ƙasa,
jama'a su tafa masa, ni in juya shafi.

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi,
in ji masu son su zuga ni.
Ban taɓa jin haushi ba.
To, sau ɗaya.

Ya zo mana ɗan mai tallan kifi daga bakin kogi,
ƙarni bai gama barin hannunsa ba,
murya ta fi ƙarfin ƙirjinsa.
Aikinsa na farko: bara mai riƙe fitila,
magana biyu tak,
ya manta ɗaya.

Sai masu fim suka zo daga Lisbon
da wayoyi da haske mai ƙona gira.
Sau ashirin da bakwai ya mutu a majigi:
harsashi, guba, igiyar ruwa,
sau ɗaya ma dariya ce ta kashe shi.
Daga mutuwa ta uku uwarsa ta daina shiga silima,
sai dai ta kunna kyandir a coci
ta dawo ta same shi yana shan miya.

A fim ba a neman irina.
In ka manta, a tsaya, a sake,
a yanke kunyarka da almakashi.
Amma duk hunturu sai ya dawo kan katakonmu,
ya taka sau biyu da dunduniya a saman kaina.
Gaisuwarmu ke nan.

Kofin azurfa na farko
da shi ya tokare ƙofar kicin saboda iskar teku.
Na biyu Ermelinda ta cika da maɓallai.
Akwai wanda ya jinginar shekarar da aka rufe mu,
ya biya masu jan labule albashin wata biyu,
bai taɓa komawa fansa ba.

Haushin nan da na ce?
A rediyo ne, ina gugar riga, na ji shi:
“Ni ban taɓa mance layi ba a rayuwata.”
Na bar dutsen guga har ya ci wuyan rigar.

Jiya suka kira shi, yana da tamanin da uku,
lambar yabo ta aikin rayuwa.
Aka haska mace-macensa a bango, ɗaya bayan ɗaya,
shi kuwa yana tsaye da sanda, da rai, yana kallo.
Aka ɗora masa gunkin tagulla a hannu.
Ya lalubi aljihu, takarda na cikin wata kwat.
Ya buɗe baki.

Na san wannan shirun kamar yadda na san tarina.

Bai dubi kyamara ba, ƙasa ya duba,
inda rami ya kamata ya kasance.
Darduma ce ja, a shafe.
Dunduniya sau biyu.
Sannan ya ce, cikin lasifika,
“Idalina, mene ne na gaba?”

Zaure ya ɗauki dariya, sun zaci cikin wasa ne.
Ina layi na goma sha huɗu,
da tikitin da na saya da kuɗin fanshona.
Raɗa ba ta tsallake kawuna ɗari biyar.
Na miƙe, gwiwa na ƙara,
na ɗaga muryar da na yi shekara arba'in ina dannewa:
“Na gode!”

Ya ce, “Na gode.”
Aka yi ta tafi.

Yau da safe yaro ya kawo mini ƙunshi
a naɗe da jarida, ba wasiƙa.
Gunkin na da nauyi, kuma ba shi da kyau.
Amma in iskar kogi ta shigo ta taga
yana danne mini shafi.